Ragar da Malam Ya Ƙi Rufewa da Kwano

Da shigowar daminar nan, shekara arba'in da shida ke nan da rasuwar maigidana. Na daɗe ina ƙirga su ni kaɗai, in yi masa sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana ba zan yi shiru ba. Na tsufa, haƙora sun zube, gwiwa ta ƙi, amma hannuna bai manta karatun yaƙi da jahilci ba, kuma akwai maganar da ake yi a kansa a Tudun Wadar Gusau tun ina da ƙarfin ɗaukar tulu har yau da nake neman mai miƙo mini buta. Wasu na cewa mai leƙen matan mutane ne. Masu ɗan sauran kunya su ce a'a, mijin-ta-ce ne kawai, wanda ke zaune a ɗaki matarsa na bisa soro. Yawancin masu faɗa yanzu ba a ma haife su ba a lokacin. Ni ina wurin, ni ce ma matar da ke bisa soron, don haka sai a saurare ni.

Malam mutumin Furfuri ne ta ƙasar Bunguɗu, ɗan manoma gaba da baya, amma tun yana saurayi ƙarfe ya fi ba shi sha'awa a kan gero. Ya shigo Gusau ya sami aikin gyaran inji a wurin gurzar auduga, ya gina ɗan gidansa na ƙasa mai soro a Tudun Wada, sannan aka kawo ni daga 'Yandoto. Mutum ne marar surutu. In ya dawo daga aiki ya ci tuwonsa, sai ya shimfiɗa tabarma ya baje tarkace: matattun rediyoyi, agogon da ya tsaya, tocilan ɗin maƙwabta. Ba sana'arsa ba ce, so ne kawai. Na sha yi masa tsiya cewa da ni rediyo ce da na fi samun hira a wurinsa.

Bayan an sake yanka jihohi muka zama 'yan Jihar Sakkwato, sai labari ya zo cewa akwai gidan talabijin a can. Malam ya kasa zaune ya kasa tsaye. Wani ma'aikacin jirgin ƙasa da aka ɗauke daga Gusau ya sayar masa da tsohuwar talabijin mai fari da baƙi, ya haɗa ta da batirin mota, ya ɗaure eriya a kan dogon bututu a bisa soro. Muka zauna muka zuba ido. Ba abin da ya fito sai tsaki-tsaki da ƙara shuuu, wani lokaci wata inuwa ta gifta ta ɓace. Na ce masa, "Malam, wanga akwati naka ai yayyafi kawai ya iya." Ko kallona bai yi ba.

Abokinsa a wannan ciwo shi ne Yohanna, Kirista daga kudancin Zariya, ma'aikacin ofishin waya, yana zaune da iyalinsa a bayan layinmu, yana kuma kiwon kaji. Shi ya gano inda matsalar take. Ya ce Sakkwato da nisa, abin da ake aikowa ta iska kafin ya iso Gusau ya gaji liƙis, eriya ita kaɗai ba ta iya kama shi. Sai an yi mata babban faranti a bayanta, mai zurfi kamar daro, ya tattaro abin ya maido mata. Kuma hanya biyu ce. Ko a buga farantin da kwanon rufi, rufaffe ruf, ko a lanƙwasa rodi a ɗaura masa ragar waya irin ta akurkin kaji.

Sun daɗe suna jan wannan magana a ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida, ina aika musu da fura ina jiyo su daga zaure. Yohanna ya fi karkata ga kwano. Ya ce ga irin abin da ake aikowa a lokacin, raga da kwano duk ɗaya suke kamawa, amma kwano ya fi kyan gani, maƙeri zai gama shi da wuri, kuma ba wanda zai yi wa mai shi dariya. Malam ya ce bai yarda ba. Ya taɓa gani da idonsa a wurin aiki, iskar bazara ta fizge kwano ɗaya daga rufin sito, ta wuce da shi ta sare ƙafar jakin wani bawan Allah da ke ɗaure a bakin katanga. Ya ce iska tana bi ta cikin raga ta wuce abinta, kwano kuwa tare ta yake yi, kuma in hadari ya taso daga gabas ba igiyar da za ta riƙe shi. Ga nauyi a kan azara. Babban abin kuma shi ne, a bayan katangarmu ta yamma, daidai inda abin zai faɗa in ya tsinke, nan ne madafar gidan maƙwabcinmu Alhaji, nan ƙananan 'ya'yansa ke wuni suna wasa. Da Yohanna ya ji haka bai ƙara musu ba. Washegari sai ga shi da ragowar ragar kajinsa a kafaɗa.

Maƙeri ya lanƙwasa rodi, su biyun suka ɗaure ragar da hannunsu, waya ta yayyanka musu yatsu. Abin ya fi faɗin mutum in ya buɗe hannuwansa, kuma gaskiya ba shi da kyan gani. Yaran unguwa suka sa masa suna rariyar aljanu. Ranar da aka ɗora shi, bayan la'asar, sai ga mutum da hula a cikin akwati yana karanta labarai. Kansa na ɗan rawa, amma mutum ne, da bakinsa da hancinsa. Sai da Malam ya gama kallo, sannan ya juyo ya ce da ni, "To, yayyafin ya ɗauke?" Daga ranar tsakar gidanmu ta tashi daga tamu da yamma. Manyan 'ya'yan Alhaji suna cikin masu zuwa, shi kansa Alhajin ya taɓa tsayawa a bakin zaure ya kalli dambe har aka tashi.

Yaran yanzu ba za su gane abin da ya biyo baya ba sai na yi musu bayani. A zamaninmu namiji ba ya hawa soro ko itace a cikin unguwa sai ya ɗaga murya ya ce, "A gafara, za a hau bisa," sannan ya dakata, don matan maƙwabta su kimtsa ko su shige ɗaki. Malam bai taɓa tsallake wannan ba. Amma farantin nan yana son hawa a kai a kai, don iska na murɗa bututun, hoto ya gudu, sai an hau an maido shi. Sakkwato kuwa tana yamma maso arewa da mu, wato ta kan gidan Alhaji sak. Mai juya faranti dole ya tsaya a bayansa, fuskarsa na duban can, kuma ana hangen fuskar ta cikin raga.

Wata rana ya yi sanarwarsa, ni na ji da kunnena ina tankaɗe. A gidan Alhaji kuwa ana tsaka da daka, ƙarar turmi ta hana su ji. Alhaji ya shigo gida, ya ɗaga kai, ya ga fuskar namiji a bayan raga, iyalinsa kuma na tsakar gida da ɗaurin ƙirji. Na yarda kowane mai gida zai ji zafi. Da ya zagayo ya yi sallama ya yi faɗansa a zaurenmu, da an ba shi haƙuri, da tuni an manta. Bai yi haka ba. Ya jira aka sallame magariba, ya tsaya a ƙofar masallaci gaban kowa da kowa, ya ce ashe rariyar nan ba don hoton Sakkwato aka yi ta ba, don kallon matan mutane aka yi ta. Kafin gari ya waye unguwa ta ɗauka.

Mai unguwa ya tara su a zaurensa ya yanke abin da yake gani maslaha ce: ko a rufe ragar da kwano, yadda mai tsayawa a baya ba zai ga komai ba, ko a sauke abin gaba ɗaya. Dattawa suka ce madalla. Malam ya yi musu zancen iska da yaran da ke ƙasa. Alhaji ya ce, "Ɗiyana Allah ka tsaron su, ba kai ba." Wani dattijo ya ƙara da cewa in da gaske ba leƙe yake ba, me zai hana shi rufewa. Haka aka tashi.

Ya dawo ya zauna a bakin ƙofa, na ajiye masa abinci ya huce bai taɓa ba.

"In na sauke shi, na amsa laifi ke nan," ya ce. "In kuma na rufe, duk hadarin da ya haɗo ba ni samun natsuwa."

Na ce, "Damuwarsu namiji bisa soro, ko ba haka ba?"

Ya ce haka ne.

"To ni mace ce. Kuma tun ina yarinya ni ka hawan rumbu gidanmu, don Baba bai da namijin da ya tasa."

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Kin san abin da za su kira ni?"

Na ce na sani.

"Gara su kira ni hakan," in ji shi, ya jawo kwanon tuwon.

Da safe ya koma wurin mai unguwa ya ce ba zai rufe ba, ba zai sauke ba, amma ya ɗauki alkawari ƙafarsa ba za ta sake taka soron nan ba, iyalinsa ce za ta riƙa hawa. Mai unguwa ya bar maganar a haka. Alhaji kuwa ba ya iya kai ƙara cewa mace ta ga mata.

Ranar farko na sa wandonsa a ciki, na ɗaure zane tamau, na yafa gyale, na kama tsani. Shi yana ɗaki gaban akwati yana kira ta taga: "Dama kaɗan. Ya yi yawa, dawo. Tsaya nan." Masu wucewa suka ja birki a kan kekunansu, wani mai tallan rake ya sauke kayansa don ya kalla da kyau. Ko a jikina. Na ga Tudun Wada shimfiɗe a ƙasa, na hango duwatsun hanyar Tsafe wajen garinmu, abin da ban taɓa gani daga cikin gida ba. Na duba ƙasa na ce wa uwargidan Alhaji, "Sannunku da aiki." Ta rufe baki da gefen zane tana dariya, ta amsa a hankali.

Ba zan yi muku ƙarya cewa abin ya zo da sauƙi ba. Sunan leƙe bai goge ba, sai aka ɗora masa na mijin-ta-ce a kai. A wurin aiki ana tambayarsa ko ya nemi izini kafin ya fito. In ya iso majalisar ƙofar masallaci sai hira ta mutu, har ya daina zama, ya yi sallarsa ya dawo gida. Yayansa ya taso takanas daga Furfuri ya ce ya zubar musu da mutunci. Yohanna ne kaɗai bai sauya ba, yana zuwa da yamma ya zauna kusa da shi kamar ba abin da ya faru. Ni ma na sha nawa a gidan biki da bakin famfo, amma ni bakina ba ya ciwo, duk wadda ta taɓa ni sai ta ji a jikinta. Shi kuwa haɗiyewa yake yi, kuma ina gani abin na cin sa, wannan ne ke ƙona mini rai har gobe. Kada ku jira in ce muku wata iska ta zo ta nuna wa kowa gaskiyarsa. Iskoki sun zo, sun bi ta cikin raga sun wuce, yaran Alhaji suka girma lafiya lau, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Yanzu in an fito da ni ƙofar gida na sha iska, duk rufin da na duba da farantin setilayit a kai, wani gidan ma har da ƙari. Samari na hawa da waya mai ɗaukar hoto a aljihu, babu a gafara, babu sanarwa, kuma ban ji an kai kowa gaban mai unguwa ba. Jikokin waɗanda suka ce madalla a zauren nan su ne ke kiran masu haɗawa, suna tsaye a ƙasa suna cewa dama kaɗan. Nakan tambayi kaina me Malam zai ce. Na san zai yi murna da hoton, zai zauna gabansa baki buɗe kamar yaro, zai kuma nemi a ba shi ya kwance ya ga cikinsa. Amma rashin sanarwar nan zai ɓata masa rai ƙwarai. Mutumin da aka kira mai leƙe ya fi duk waɗanda na sani kiyaye wannan haƙƙi.

Jikana Nura ya gaji ciwon kakansa. Ma'aikaci ne da iyalinsa, amma duk hutunsa a neman tashoshin kyauta yake ƙarewa. Bara ya zo mini da tambayar da na sani tun kafin a haifi uwarsa: zai sayi babban faranti, rufaffe zai saya ko na raga? Ya yi mini bayani tsakani da Allah. Ya ce da yawa daga tashoshin yanzu ba sa son faranti mai ramuka, ƙaramin faranti rufaffe ya fi kama su. Babba kuwa in rufaffe ne yana da nauyi, iska na dukansa, sai an kafa shi da siminti. Na raga ya fi sauƙi, ya fi jure iska, amma tsatsa na cin sa, yana saurin lotsewa, kuma sai ramukansa sun zama ƙanana sosai. Na ce masa ni ban san wannan duka ba, kuma ba zan ce raga ta fi a kowane hali ba, kakansa ma ba zai ce ba. Abin da zai fara yi shi ne ya zagaya bayan katanga ya duba wa ke zama a inda abin zai faɗa. Nura ya je ya duba, ya tarar wata mai tuyar awara ce da yaranta. Ya fasa ɗorawa a rufi, ya kafa na ragarsa a ƙasa a tsakar gida.

Malam bai daɗe ba bayan wancan rikici. Ciwon ciki ya kwantar da shi da damina, shekarar da sojoji ke shirin miƙa mulki. Aka yi na asibiti aka yi na gida, Allah ya karɓi abinsa. Ba zan ce maganar mutane ce ta kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma ya tafi da sunayen nan biyu a wuyansa, ba wanda ya cire masa ko ɗaya. Bayan sadakar bakwai 'yan'uwansa suka ce a sauke rariyar a kai Furfuri a yi akurki da ita, magana ta ƙare. Na ce ba mai taɓa ta. Suka ce to wa zai riƙa juyawa, mai takaba ba ta fita. Na ce soro a cikin gida yake. Da iska ta murɗa bututun, na hau da kayan takabata na maido shi. Ba mai kira ta taga, da ƙiyasi na juya, na sauko na duba, na sake hawa, ina kuka ina yi. Ragar ta zauna a wurin har tsatsa ta cinye ta da kanta.

Shekaru masu yawa bayan haka Alhaji ya kwanta ciwon ajali, ya aiko uwargidansa. Ta zauna a bakin gadona ta ce Alhaji na neman gafara. Ta ce ita tun ranar ta gaya masa idon Malam na kan ƙarfe, ko sau ɗaya bai dubi ƙasa ba, ya ce ta yi shiru, ta yi. Ita ban riƙe ta da komai ba, na san gidan da take zaune. Na ce mata, "Hajiya, abin da ya shafe ni na yafe duniya da lahira. Amma ba ni aka yi wa ƙazafi ba, kuma ba cikin ɗaki aka yi shi ba. Ƙofar masallaci ya tsaya. In bai iya tashi, ya aiki babban ɗansa ya tsaya can ya faɗa." Ta ce za ta gaya masa. Na kasa kunne Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, ba wanda ya tsaya. Da ya rasu na je gaisuwa na yi masa addu'a, Allah ya jiƙansa.

To me ya rage? Soron an rushe shi, akwatin ban san inda ya shiga ba, Yohanna ya koma garinsu tuntuni, na ji shi ma ya riga mu. Yaran da suka yi wasa a bayan katangar nan sun yi furfura, in mun haɗu sukan durƙusa su gaishe ni, ba su san komai ba, kuma ba godiyarsu nake nema ba. Abin da nake nema shi ne maganar da aka yi a gaban jama'a a janye ta a gaban jama'a. Wanda ya kamata ya janye ya tafi bai yi ba, shi ya sa na ɗauki biro. Bai leƙi matar kowa ba. Ban juya shi ba, ba mai juya shi. An ba shi zaɓi tsakanin mutuncinsa da lafiyar 'ya'yan wanda ya zage shi, ya bar mutuncin, ya zauna da gori har ya koma ga Ubangijinsa.

Ni 'yar 'Yandoto ce, a gidanmu mace ba ta kiran sunan mijinta, kuma ban taɓa kiran nasa ba, yana raye ko yana kabari. Amma kun daɗe kuna kiransa da sunayen da kuka raɗa masa, har jikokinsa sun fi jin su a kan wanda ubansa ya yanka masa rago da shi. Innata ta yafe mini wannan rashin kunya. Sunansa Bawa. Daga yau duk mai son yin maganarsa, da wannan zai kira shi.